Martani ga Masu Son Raba Jariri da Ɗakin Uwarsa

Ra'ayin da likitan yara Richard Ferber na Amurka ya yaɗa a littafinsa na 1985, wato a kwantar da jariri shi kaɗai a bar shi ya yi kuka na ɗan lokaci, ana ƙara tsawon jiran dare bayan dare har ya saba, ra'ayi ne da aka gina kan gidan da kowane yaro ke da ɗakinsa. Masu kwaikwayonsa da ke kiran kwanan uwa da ɗanta sangarta sun manta cewa a Dutse da Kiyawa da Jahun sauro ne ke mulkin daren damina, kuma gidan sauro ɗaya kan rufe uwa da jaririn da ke shan nono har zuwa yaye, wanda kan kai kusan shekara biyu. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kanta ta ba da shawara a 2016 cewa jariri ya kwana ɗakin iyayensa aƙalla wata shida, sai dai a shimfiɗarsa daban, domin katifa mai laushi da bargo mai nauyi suna iya toshe masa numfashi, kuma wannan gargaɗin ne ya cancanci a kai wa masu jego a asibitocin Jigawa.