Ɗaya Za A Ɗauka, Kar Ka Ba Da Gobenka

Na san wani zai ce, "Mu da ko ƙanƙarar sanyaya zoɓo sai mun saya, ina ruwanmu da hoki na kan ƙanƙara?" Da gaskiyarsa. Ni ma a waya na fara kallon wasan, a daren da ya kamata in zauna kan furojet ɗina. Amma wata doka ta gasar NHL, ta Amurka da Kanada, ta hana ni sakat.

Idan aka kafa sabon kulob, yana da damar ɗaukar ɗan wasa ɗaya daga tsoffin kulob, kowanne guda. Kafin nan kowa zai miƙa sunayen waɗanda ba a taɓawa: ko 'yan gaba 7 da 'yan baya 3, ko 'yan wasa 8 daga kowane ɓangare, sai mai tsaron raga 1. To fa! Kulob da 'yan baya 6 yake shiga wasa. In ka ce sai ka kare 4, 'yan gaba 4 kacal za ka iya karewa.

Ra'ayina shi ne: ka kare matasa uku mafi kyau, ka haƙura da wanda za a ɗauka.

Dubi Anaheim a 2017, lokacin da aka kafa Vegas. Sun kare Cam Fowler da Hampus Lindholm, sai Kevin Bieksa mai shekara 36, wanda kwantiraginsa ya hana a sake shi ba da yardarsa ba. Sami Vatanen da Josh Manson suka rage a fili. Don kar a taɓa su, sai Anaheim ta miƙa wa Vegas wani yaro ɗan shekara 21, Shea Theodore, wanda dokar ma ba ta hau kansa ba. Bayan wata biyar suka yi musayar Vatanen da kansu, Bieksa ya ƙara kaka ɗaya ya tafi. Theodore kuwa ya zama ginshiƙin bayan Vegas, har suka ci kofin Stanley a 2023. Garin neman gira aka rasa ido.

Calgary ba ta yi haka ba a 2021. Ta bar kyaftin ɗinta Mark Giordano a fili, mutumin da aka zaɓa gwarzon ɗan baya na gasar a 2019, amma ya kai shekara 37. Seattle ta ɗauke shi. Da ciwo, wallahi. Sai dai a kakar da ta biyo baya Calgary ce ta zo ta ɗaya a rukuninta.

Ban ce babba ba shi da amfani ba. Shi ke tsawatarwa, shi ke kwantar da hankalin yara idan wasa ya yi zafi. Amma shekara nawa suka rage masa?

Abin da ya sa maganar ta dame ni ke nan. A ƙungiyar ƙwallon sashenmu, mu 'yan ajin ƙarshe muka cika baya, 'yan ND1 na ɗumama benci, wai girmamawa. Ni ma ina cikin masu cin wannan gajiyar. Nan da 'yan watanni za mu tattara komatsanmu, mu bar yaran da ba su taɓa buga minti casa'in tare ba.

Kyaftin, wasa mai zuwa ni dai a ajiye ni a benci.