Cinikin Tsohon Saksofon Da Aibin Da Ido Ba Ya Gani

 Wani ɗan kasuwa daga cikin masu karanta wannan fili, wanda ke shigo da kayan gwanjo daga Turai, ya aiko mana da tambaya. Ya ce ya tsinci wani tsohon abin busa na tagulla a cikin kayansa, wanda ake kira saksofon. Wani dillali ya taya da kuɗi mai kauri, ya kuma ba shi shawara a goge shi a sake masa shafe, a sayar wa na gaba ba tare da an faɗa ba. Yana neman sanin hukunci. Malamanmu sun koya mana cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san shi, saboda haka za mu fara da bayanin hajar.

Wani maƙeri ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Sax, shi ne ya ƙago wannan abin busa, ya kuma karɓi takardar mallakar ƙirarsa a birnin Faris a 1846. Jikinsa tagulla ne, a bakinsa akwai ɗan siririn kara mai kaɗawa, kusa da yadda algaita take, sai dai na algaita biyu ne a haɗe. Jikin yana da ramuka waɗanda ake rufewa da murafu masu fata. Ya fara shiga badujalar soja, sa'an nan makaɗan Amurka suka ɗaukaka shi. A Afirka ma Fela Kuti na Nijeriya da Manu Dibango na Kamaru sun shahara da shi.

Abin mamaki ga ɗan kasuwa shi ne, a wannan haja tsoho yakan fi sabo tsada. Kamfanin Selmer na Faransa ya ƙera wani samfuri mai suna Mark VI daga 1954 zuwa wajen 1974, wanda manyan mabusa irin su John Coltrane da Sonny Rollins suka riƙe, har yau kuwa ana rububinsa. Haka nan ana neman na kamfanonin Conn da Buescher da Martin na garin Elkhart a Amurka, da King na Cleveland. Wani lokaci ma sunan mai shi ake saye: saksofon na roba da Charlie Parker ya busa a Toronto a 1953, an yi gwanjonsa a Landan a 1994 a kan fam 93,500.

To, mene ne hukuncin sayar da kayan kiɗa da busa tun asali? Jumhurun malamai, watau Malikiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya, sun hana, domin sharaɗin abin sayarwa a wurinsu shi ne amfaninsa ya zama halal a Shari'a. Imamu Abu Hanifa ya inganta cinikin, amma manyan almajiransa biyu, Abu Yusufa da Muhammadu, sun saɓa masa. Ibnu Hazmin na Andalus ya halatta a cikin littafinsa Al-Muhalla. Mu dai a kan mazhabar Maliku muke, shawararmu kuwa ga mai tambaya ita ce kada ya mai da wannan sana'arsa. Amma fa wanda ya bi masu halattawa bai kuɓuta daga sauran dokokin ciniki ba, a nan ne kuma ake yawan faɗawa rami.

Mu fara da shawarar dillali. Masana wannan haja sun fi daraja saksofon mai shafensa na asali, ko da ya koɗe ya yi dabbare-dabbare. Dalili kuwa, kafin a sake shafe sai an goge jikin da inji, gugar tana cin tagulla, tana dusar da zanen da aka sassaƙa a kai, farashi kuma ya faɗi. Saboda haka wanda ya sake shafe ya yi shiru ya sayar da ƙyalli a madadin asali. Wannan shi ne tadlisi. Misalinsa a fiƙihu ita ce akuyar da aka ƙi tatsa kwanaki domin hantsarta ta cika a kasuwa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wannan, ya kuma bai wa mai saye zaɓin mayarwa.

Akwai aibin da ya fi wannan ɓoyuwa. A farkon ƙarni na 20 ana ƙera saksofon a kan ma'aunin murya iri biyu. Ɗaya shi ne wanda ya yi daidai da na yau, kaɗawa 440 a sakan ɗaya, wanda aka yi ittifaƙi a kansa a wani taro a Landan a 1939. Ɗayan ya fi sama, wajen 457. Conn yakan buga harafin L ko H kusa da lambar ƙira domin a bambanta. Mai H ba ya jituwa da kayan busa na zamani, kuma babu gyara, domin tsawon jikin da mazaunin ramukan ne suka bambanta. Ga ido lafiya lau yake. Wanda ya san haka ya ɓoye, ya yi daidai da mai tsibin hatsin nan da Annabi ya cusa hannu a ciki ya taɓo jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama.

Sauran hanyoyin algus su ne haɗa wuyan wani da jikin wani, ko sassaƙa sunan Selmer a jikin jabu, ko kankare lambar ƙira, wadda da ita ake gane shekarar ƙira, da ita kuma ake bin sawun na sata. A wurin gwanjo kuma akwai najashi, watau mutum ya riƙa ƙara taye ba da niyyar saye ba, sai don ya zuga wani. Duk wannan haramun ne, ko mai saye Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Amana ba ta duba addinin wanda aka cuta.

Zalunci kuma yana iya fitowa daga mai saye. Sau da yawa magada ne ke fito da irin wannan kaya, ba su san darajarsa ba. Idan mai sayarwa ya ce wa masani, "Saya yadda ake saye, na dogara da kai," shi kuwa ya ce tarkace ne ya biya kuɗin tagulla, to malamanmu na Malikiyya suna kiran wannan cinikin istirsali, sun kuma bai wa wanda aka kwara haƙƙin warware shi. Tsada kuwa ita kaɗai ba ta ɓata ciniki, muddin kowa ya san abin da ya bayar da abin da ya karɓa.

Amsarmu ga mai tambaya ita ce kada ya karɓi shawarar dillali. In har zai rabu da shi, ya bar shi yadda ya same shi, ya nuna lambarsa, ya faɗi abin da ya sani na gyara da aibi, abin da bai sani ba ya ce bai sani ba. Dillali kuma ya tuna cewa la'adar da aka samu da ƙarya wuta ce a aljihu. Wannan hukunci yana kan mai sayar da tsohuwar mota da agogo da keken ɗinki, haka kuma ma'aikacin da aka ɗora wa ƙiyasta kayan gwamnati kafin gwanjo.

Allah Shi ne Mafi sani. Allah Ya tsarkake mana abin da muke ci. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya yarda. Wassalamu alaikum.