Shi Fasto Dutse Ne?

Rubutun wannan makon zai yi wa wasu ɗaci, musamman mu Kiristocin da ke wannan zaure, don laifin namu ne kafin na kowa.

Ranar 29 ga Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka afka wa Kwarhi, kusa da Mubi, inda hedikwatar cocin EYN take. Shugabanni da ɗaliban makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kulp suka watse, ofishin cocin ya koma Jos na ɗan lokaci. Wata shida kafin nan aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok, akasarinsu 'ya'yan wannan coci. Mun yi wa 'yan matan waƙoƙi, mun rubuta gajerun labarai kan iyayensu. To, a cikinmu wa ya taɓa rubuta labarin faston da shi ma gudowa ya yi, shi ma gidansa ya ƙone, amma da gari ya waye a sansanin gudun hijira kowa ya zuba masa ido ya tashi ya ƙarfafa mutane?

A alƙalaminmu fasto iri biyu ne kawai: ko waliyyin da ba ya jin yunwa, ko mayaudari mai cinye baiko. Na uku, wanda ya binne mutum huɗu a mako guda ya koma gida barci ya gagare shi, ba mu san da shi ba. Ba mu rubuta shi ba ne saboda a coci ma ba mu yarda yana nan ba.

Bari fasto ya kuskura ya ce ya gaji. Kafin Lahadi ta zagayo magana ta game gari, wai bangaskiyarsa ta yi sanyi, wai a sa shi a addu'a. In dattawa sun tausaya ƙwarai, sai su shirya taron falkaswa na kwana uku, da azumi da addu'ar dare da lasifika. Wa zai yi wa'azi a taron? Shi ɗin dai. Mutum ya ce kayan sun yi masa nauyi, mun ƙara masa dami mun kira shi magani.

Abin haushin, Littafin da muke riƙe da shi bai koya mana haka ba. Ku buɗe 1 Sarakuna sura 19. Iliya, bayan gagarumar nasara a Dutsen Karmel, ya tsere wa Yezebel, ya zauna gindin wani itace a jeji yana roƙon mutuwa. Mala'ika bai yi masa faɗa ba, bai sa shi azumi a ranar ba. Abinci ya ba shi da ruwa, ya bar shi ya sake kwanciya, ya tashe shi ya ƙara ci. Sai bayan tafiyar kwana 40 zuwa Horeb Allah ya yi zance da shi, ya saurari kukansa har sau biyu, sannan ya haɗa shi da Elisha don kada ya ci gaba shi kaɗai. Barci, abinci, kunnen sauraro, abokin aiki. A Markus sura 6 ma Yesu janye almajiransa ya yi su huta, don jama'a sun hana su ko cin abinci.

Mun san abin da za a ce: addu'a ta isa, zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa al'adar Turawa ce. Amma in hawan jini ya kama faston nan, ai karo-karo muke yi mu kai shi asibiti, ba wanda ya ce bangaskiyarsa ta gaza. Me ya sa in mafarkin gawawwaki ne ke tashe shi, sai a ce ya yi shiru? Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan a Barnawa cikin Kaduna, akwai wani a Maiduguri. Tsoron a ce "fasto ya taɓu" ne ya tsare ƙofar, mu ne kuma masu faɗa.

Hujja ɗaya muka yarda tana da nauyi: a ƙauye fasto guda ke riƙe da majami'u biyu ko uku, in ya tafi hutun wata babu mai maye gurbinsa. Gaskiya ne. Sai dai kuɗin anko da na sabon rufin coci ba su taɓa gagarar mu ba, kuma dattijon da ya iya sukar wa'azi zai iya riƙe sujada Lahadi huɗu.

'Yan uwanmu Musulmi, kada ku ce babu ruwanku. Limamin da ya sallaci gawawwaki a jere bayan harin 'yan bindiga, wa ya tambaye shi yadda ya kwana?

Ga jigo ga mai son gwada alƙalaminsa a mako mai zuwa. Litinin ce da asuba, jiya aka yi jana'iza. Matar fasto, wadda ita ma ta yini tana rarrashin zumuntar mata, ta farka ta tarar da mijinta zaune a bakin gado da takalmin jiya a ƙafarsa. Ga kuma wani yana buga ƙofa. Kada ku sa masa aya a baki. Ku rubuta abin da ya ce mata kafin ya tashi ya buɗe.