Buntun Tudun Wada da Hasumiyar New York

A shekarar 2014 an gina hasumiya a harabar gidan baje zane-zane na MoMA PS1 da ke New York, da tubali kusan 10,000 waɗanda ba a gasa ko ɗaya ba. Karan masara aka daddatse, aka zuba masa irin naman kaza, fararen zaruruwansa suka ratsa karan suka ɗaure shi cikin kwanaki. Da aka tashi baje kolin, sai tubalan suka zama taki.

Kayan wannan fasaha jibge suke a yankin Dangora. Daga Kiru zuwa Doguwa masara ake nomawa, a Tudun Wada kuwa buntun shinkafa tuli yake a bayan injina. In aka turara shi, aka cakuɗa da irin, aka danna a mazubi na kimanin mako guda, sannan aka busar da shi da zafi, sai a samu dunƙule marar nauyi da ake ferewa da wuƙa, a shafa masa launi. Ɗalibin zane da malamin firamare za su samu madadin soson roba, wanda ba ya ruɓewa.

Amma abin yana da iyaka. Ba ya jure ruwa, ba zai kuma maye gurbin itacen turmi ba. Kara ma yana da masu shi: dabbobi, danga da murhu. Saboda haka da buntu ya kamata a fara. Sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da masana noma na Jami'ar Bayero su ne ya dace su gwada shi, kafin a wayi gari ana sayo mana irinsa daga ƙetare da dala.