Ɗaki ne rabin lasifika

Wani abokin aikina ya yi wata bakwai yana tara kuɗi, ya sayi lasifikoki biyu da amfilifaya na hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai. Da ya kira ni in zo in ji, muryarsa ba ta mai murna ba ce. Na tarar ya cusa ɗaya a kusurwar falo, ɗayar kuma a gefen kujera kusa da ƙofa, domin nan wayar ta iya kaiwa. Ya sa mana Mamman Shata, sai kalangu ya koma gunji, muryar kuwa kamar daga cikin rijiya take fitowa. Ya riga ya yanke hukunci cewa mai kaya ya cuce shi. Ni a ganina falonsa ne ya cuce shi, kuma haka abin yake a gidaje da yawa: ana zuba kuɗi a kan akwati, a manta da ɗakin da zai yi magana a cikinsa.

Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa ɗaya. A cikin ɗaki, kaso mai yawa na abin da kunne ke ji ya riga ya bugi bango ko ƙasa ko silin kafin ya iso. Wanda ya fara auna wannan da lissafi shi ne Wallace Sabine na Jami'ar Harvard a Amurka. A 1895 aka ba shi aikin gyara wani zauren lacca da ba a gane maganar malami a cikinsa. Ya riƙa kwaso matasan kujeru daga wani zauren cikin dare, yana auna tsawon lokacin da amo ke ɗauka kafin ya mutu, har ya gano dangantakar girman ɗaki da yawan abin da ke shanye sauti. Da wannan ilimi aka tsara babban zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900.

To, dubi falon zamani a Kano ko Kaduna: bulo da siminti, tayil a ƙasa, teburin gilashi a tsakiya. Babu mai shanye sauti a cikinsu. Tsaya a tsakiya ka tafa sau ɗaya. Idan ka ji wani ƙara siriri ya biyo baya, ka san inda ciwon yake. Darduma mai kauri tsakaninka da lasifikoki, labule mai nauyi, da kantar littattafai za su yi maka abin da sabuwar amfilifaya ba za ta yi ba.

Sauti mai kauri, wanda matasa ke kira bes, shi ne mai wuyar sha'ani. Kowane ɗaki yana da muryoyin da yake kumburawa gwargwadon tsawonsa. A ɗaki mai tsawon mita 4, ta farko tana wajen kaɗawa 43 a daƙiƙa. Tana taruwa a jikin bango, ta fi taruwa a kusurwa, a tsakiyar ɗakin kuma ta kusan ɓacewa. Shi ya sa lasifikar da ke kusurwa take gunji, wanda ya zauna a tsakiya daidai kuma yake cewa babu bes. Jawo lasifika daga bango ma ba magani ne kai tsaye ba. Idan tazarar fuskarta da bangon baya mita 1 ce, sautin da ya dawo yana soke na asali a wajen kaɗawa 86. Saboda haka ban yarda da masu ba da lamba ɗaya ga kowane gida ba. A matsa santimita 10, a saurari waƙar da aka sani sarai, a sake matsawa.

Inda ba na sassautawa shi ne daidaito. Tsarin sitiriyo, wanda injiniyan Ingila Alan Blumlein ya yi wa rajista a 1931, dabara ce ta sa kunne ya ji mawaƙi a tsakiya, inda babu lasifika ko ɗaya. Dabarar tana aiki ne idan nisanka da kowace lasifika ɗaya ne, ku ukun kamar duwatsun murhu. Bambancin santimita 34 kawai ya isa ya janye muryar zuwa wadda ta fi kusa. Ƙaramar lasifikar sama ta kasance daidai tsayin kunnenka kana zaune, a ɗan karkato su zuwa gare ka. Sai wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe; duk inda ka hango lasifika daga kujerarka, nan labule ko abu mai laushi zai tafi.

Na san abin da za a ce, kuma gaskiya ne: falo ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai baƙi, akwai yara masu guje-guje, akwai uwargida da ta sha wahalar jera kujerunta. Abokina ya yi sulhu. Ya manna ɗan salatif a kan tayil, ya jawo lasifikokin zuwa alamar bayan sallar isha'i, ya mayar da su kafin ya kwanta. Darduma kuwa daga ɗakin baƙi ya ɗauko ta. Da muka sake sa Shata, ana jin bugun kowane kalangu daban, ’yan amshi suna fitowa sarai, shi kuwa har ya rage ƙarar da kansa.