Tekun da ba a auna ba

Wata magana ta zama waƙa a bakin ƴan siyasa da masu jawabin buɗe famfo: wai Nijar zaune take bisa teku, abin da ya rage kawai a tona. Da an faɗe ta sai a tafa. Ita kuma ta haifi ƙanwarta, wadda ta fi ta muni: wai kuɗin binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa asara ne, a zuba su ga injin haƙa, a ƙyale malaman jami'a da taswirorinsu. Abin dariya, alƙaluman da masu wannan magana ke tinƙaho da su daga hannun waɗannan malamai suka fito. Ƙiyasin da ake yawan maimaitawa shi ne mita kubik miliyar 2,5 da ke sabuntuwa kowace shekara, da miliyar 2000 na tsohon ruwa wanda ba ya sabuntuwa. Lamba ta biyu ake ɗagawa a taro. "Ba ya sabuntuwa" kuwa, sai a haɗiye shi da miyau.

Ruwan ƙasa ba tabki guda ba ne. Kwarin Iullemmeden, wanda Nijar ke tarayya a kansa da Mali da Najeriya, ya kai faɗin murabba'in kilomita kimanin 500.000, kuma hawa-hawa yake: shimfiɗar rairayi, shimfiɗar yumɓu, wata rairayin, kowace da shekarun ruwanta da ɗanɗanonsa. Birnin Damagaram kuwa bisa tsohon dutse yake, wanda ba ya riƙe ruwa sai cikin tsaguwa. Shi ya sa ake jawo masa ruwa daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa na mayar da babban birnin ƙasa Yamai a 1926. Mai cewa a tona kawai, ya je unguwar Birni a watan Afrilu ya faɗa wa masu jarka.

Amma hujjar da ta fi nauyi tana Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi. A 1985 aka haƙa wa garin foraj mai zurfi. Ruwa ya fito garau, ba wari, ba ɗaci, aka yi murna. Shekaru suka shuɗe kafin a lura haƙoran yara na rinewa, ƙafafunsu na lanƙwashewa, wasu tafiya ma ta gagare su. Da aka auna, sai aka tarar sinadarin fuluwor da ke cikin ruwan ya ninka fiye da sau uku iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, wato miligiram 1,5 a lita. Ɗaruruwan yara sun nakasa. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, ANDDH da FIDH, sun fitar da rahoto a kan lamarin a 2002. Injin haƙa bai yi kuskure ba, ya iske ruwa kamar yadda aka sa shi. Abin da aka rasa shi ne mai bin sawun ruwan da awo, shekara bayan shekara, da mai sauraronsa. Fuluwor ba ya da launi. Idon sarkin gina, duk gwanintarsa, ba ya ganinsa, haka ma idon mai yanka ƙyallen buɗe famfo.

Zato yakan yi kuskure ta ɗaya gefen ma. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, kowa ya ɗauka rijiyoyin kewayen Yamai ƙasa suke yi. Masu bincike da suka kwatanta tsofaffin awo da sababbi sun gano akasin haka: ruwan ya hau da kusan mita 4 tsakanin 1963 da 2007. Dalili shi ne saran daji. Ƙasar da aka tuɓe wa itace ba ta tsare ruwan sama, sai ya kwarara ya taru a tabkuna, daga nan ya nutse. Riba ce da aka saya da zaizayar gona, kuma ta wannan yankin ce; wanda ya ɗauke ta ya aza bisa Maraɗi ko Tawa ya yi wa kansa ƙarya.

Gulbin Maraɗi na da tasa damuwar. Tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina, ƙarshen shekarun 1980, yadda ruwa ke zuwa gulbin ya sauya, alhali ambaliyarsa ce ke cika rairayin da garake da filin Jiratawa ke sha daga ciki. Akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin ƙasashen biyu a kan rabon ruwan da suke tarayya, kuma wannan gulbi na cikinta. To, wakilin da ya zauna teburin rabo ba ya da awon rijiyoyinsa na shekara ashirin, da me zai yi gardama? Ga injinan ban ruwa sun cika fadamu, ga famfon hasken rana wanda ba ya neman mai, saboda haka ba abin da ke tsayar da shi sai faɗuwar rana. Dokar ruwa ta 2010 ta tanadi sanarwa ko neman izini kafin manyan ɗibar ruwa. Doka ba ta auna rijiya. Mutum ke aunawa, in an biya shi, in an ba shi babur.

Su ma masu binciken ba za su fita fes ba. Tun taswirar ruwan ƙasa da Greigert ya bari, har kundayen digiri na jami'ar Abdu Mumuni da na ƙannenta a Maraɗi da Damagaram, kusan duk da Faransanci ko Ingilishi suke, cikin kabad. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Hausa kuwa ba ta rasa kalmomin aikin ba: maginan rijiya sun san marmara da yumɓu da tsakuwa, sun san ruwan zartsi da na kanwa, suna lissafin zurfi da gaba. Babu dalilin da zai hana kowace gunduma samun takarda guda, da boko da ajami, mai faɗin zurfin da ake iske ruwa, da wanda bai kamata a zarce ba, da ranar da aka yi wa famfon gari awo na ƙarshe.

Malaman lakkwal kuma suna da abin yi tun kafin ma'aikata ta motsa. Igiya mai ƙulli a kowace mita, da ɗan ƙarfe a bakinta, da littafi guda: ƴan aji shida su auna rijiyar gari ranar farko ta kowane wata, da asuba kafin mata su fara ja, su rubuta kwanan wata da zurfi. Littafin ya zauna a lakkwal ko da an yi wa malamin canjin wuri, kwafi ɗaya kuma a kai ofishin ruwa na gunduma.