Lasin Cacar Ƙwallo: Aikin Da Ke Gaban Jihar Nasarawa

LAFIYA — A ranar Jumma'a 22 ga watan Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun shekarar 2008, inda ta ce Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005 ba ta da iko a jihohi, sai a Babban Birnin Tarayya kaɗai. Watau ba da lasin caca da karɓar harajinta sun koma hannun majalisun dokoki na jihohi.

Jihohi sun yi maraba da wannan hukunci saboda kuɗin shiga. To amma ya kamata Jihar Nasarawa ta yi lissafi kafin ta yi murna.

Kamfanin caca ba ya sarrafa kome. Ribarsa ita ce abin da masu zuba kuɗi suka yi asara, haraji kuwa wani ɗan yanki ne na wannan riba. Saboda haka duk naira ɗaya da ta shiga baitulmalin jiha ta wannan hanya, shaida ce cewa nairori da dama sun fita daga aljihun 'yan acaɓa da ɗalibai da ƙananan ma'aikata na Lafiya da Keffi da Akwanga, suka nufi asusun manyan kamfanonin, waɗanda akasarinsu a Legas suke da hedkwata. Kuɗin da zai sayi doya a kasuwar Lafiya ke nan. Gwamnatin da ta sa harajin caca cikin ginshiƙan kasafinta, ta ɗaura wa kanta bukatar jama'arta su ci gaba da asara.

Hana abin baki ɗaya kuwa ba zai yi sauƙi ba. Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan caca a 2024 bisa dokar Shari'a, amma Nasarawa ba ta bin wannan tsari, sa'an nan tana maƙwabtaka da Abuja. Wanda aka rufe wa shago a Mararaba, tafiyar 'yan mintoci ce ta kai shi Nyanya. Balle ma cacar ta koma cikin wayar hannu, wadda ba ruwanta da iyakar jiha.

Abin da ya rage shi ne lasin, kuma darajarsa tana cikin sharuɗɗansa. Kada a karɓi kuɗin wanda bai kai shekara 18 ba, a tabbatar da haka da lambar shaidar ɗan ƙasa. A nisanta shaguna daga makarantu da wuraren ibada. Kamfani ya ajiye jingina a banki domin biyan wanda ya ci idan gardama ta taso, ya kuma riƙa miƙa wa hukumar tara haraji bayanin kuɗin da aka zuba daga cikin jihar. In babu wannan bayani, haraji kan cacar waya zai zama kintace kawai. Ingila ta haramta caca da katin bashi tun Afrilun 2020, mataki ne da ya cancanci nazari yanzu da bashin waya ya yawaita.

Sharaɗi ba ya aiki sai da masu dubawa, su kuma sai da albashi da mota. Ya kamata Majalisar Dokoki ta Jiha ta keɓe wani kaso na kuɗin lasin domin wannan aiki, ta kuma wajabta buga sunayen kamfanonin da ke da lasin kowace shekara.